Tambaya: wai haɗa mai neman aiki da mai ɗaukar aiki ma wani zai ce shi ya ƙirƙiro?

Abba_Kod

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu ilimin shari'a da masu harkar manhaja ku zo ku fitar da ni daga duhu. Ina yi wa wani ƙaramin kamfani na Amurka aiki daga nan gida, manhajarmu ba wani abin a zo a gani ba ce, ma'aikatan jinya take haɗawa da asibitoci da gidajen kula da tsofaffi masu neman wanda zai cike musu gurbi na kwana ɗaya ko na sati. Nas ta sa takardunta da awannin da take da sarari da nisan da za ta iya zuwa, asibiti ya sa abin da yake nema, kowane ɓangare ya nuna abin da ya fi ba muhimmanci, mu kuma mu ba kowane abu maki mu tara mu jera sunaye daga sama zuwa ƙasa, shi kenan fa.

To sai ga wasiƙa daga lauyoyin wani kamfani da ko shafin intanet na kirki ba shi da shi, wai suna da fatent, wato takardar mallakar ƙirƙira, da suka shigar tun 2009 a kan hanyar haɗa ma'aikaci da aiki ta kwamfuta, ko mu biya kuɗin lasisi ko mu haɗu a kotu. Ogana ya ce lauyanmu ya ce babbar kariyarmu ita ce a nuna abin nasu "a bayyane yake". Ni abin da ban gane ba, in dai a bayyane yake ai magana ta ƙare, me ya sa lauyan yake ta maganar shekara biyu da kuɗi masu kauri? Waye ke yanke hukuncin cewa abu a bayyane yake? Sannan ina da niyyar yin tawa manhajar a nan gida ta haɗa magina da kafintoci da masu gyaran wuta da masu neman su, waɗannan mutanen za su iya biyo ni har nan?

Ɗan_Kamasho77

Wa alaikumus salam. Wlh Abba 'yan damfara ne kawai sanye da kwat, irin waɗannan ba sa ƙera komai ba sa sayar da komai, takarda suke saya su zauna suna aika wasiƙu. Wannan ai dillanci ne, dillanci kuwa ya girmi kakan kakan kwamfuta. Je ka duba kes ɗin Lumen View da FindTheBest a kotun tarayya ta New York a 2013, fatent ɗin Lumen View wai ɓangarori biyu su faɗi abin da suke so kwamfuta ta haɗa su, har misalin mai neman aiki da kamfani yana ciki. Suka nemi dala dubu 50 a rufe magana, shugaban FindTheBest Kevin O'Connor ya ce ba zai biya ba ko da zai kashe miliyan ɗaya na aljihunsa, alƙaliya Denise Cote ta soke fatent ɗin ta ce haɗa mutane da juna abu ne da ɗan Adam ke yi tun fil azal, daga baya ma ta ce su biya kuɗin lauyoyin FindTheBest. Ku ce musu su je kotun kawai.

Barista_Hajjo

Wa alaikumus salam Malam Abba. Hira ce wannan, lauyanku da ya ga takardun shi ke da ta cewa, amma bari in warware maka zaren.

Ɗan Kamasho labarinka gaskiya ne amma ƙofa daban ka shiga. Lumen View ba a kan "a bayyane yake" aka kayar da su ba, a kan sashe na 101 na dokar fatent ta Amurka ne, wanda ke tambaya shin wannan abin ma irin wanda ake ba wa fatent ne ko kuwa tunani ne tsagwaronsa aka ɗora wa kwamfuta. Kotun Ƙolinsu ta ƙarfafa wannan a kes ɗin Alice na 2014, kuma a shekarar ne alƙali Leonard Stark na Delaware ya soke fatent ɗin Walker Digital a ƙarar da suka kai Google, wanda ya shafi neman aiki ba tare da an bayyana sunan mai nema ba sai ya yarda, alƙalin ya ce ai abin da masu farautar ma'aikata ke yi da baki da waya ke nan tuntuni. Wannan ƙofar tana da sauri da araha in ta buɗu, amma masu rubuta fatent sun koyi darasi, suna cusa bayanin fasaha a ciki yadda alƙali zai ce a'a wannan ba tunani ne kawai ba, sai an saurari shaidu. Ina zaton shi ya sa lauyanku ya fi jingina da sashe na 103.

Shi 103 cewa yake, ko da babu wanda ya taɓa yin abin sak, in bambancinsa da ayyukan baya ɗan abin da matsakaicin ma'aikaci a fannin zai iya hangowa ne a lokacin, to ba a ba da fatent. Ka lura da abu biyu. Na farko ba kai ba ne ma'aunin, ba alƙali ba ne, ba kuma gwanin gwanaye ba, wani mutum ne da shari'a ta ƙaga, mai matsakaicin sani, wanda ake ɗauka ya karanta duk abin da aka buga a fannin. Lauyoyi sukan yi ta faɗa a kan shi kansa mutumin, masu fatent su ce ɗan digiri ne mai shekara biyu a aiki don komai ya zame masa sabo, ku kuma ku ce a'a ya fi haka. Na biyu lokaci, ba abin da ke bayyane yau ake tambaya ba, sai wanda ke bayyane a lokacin da aka yi ƙirƙirar, wanda yawanci ake ɗauka ranar da suka shigar ce, kuma ka duba da kyau don wani lokacin 2009 ɗin tana rataye da wata tsohuwar takarda da suka shigar kafin nan, ranar tsohuwar ce za ta yi aiki.

Tsarin binciken tun kes ɗin Graham da John Deere na 1966 yake, a duba me ke akwai a da, me ya bambanta, wane matakin sani ne na masu fannin, sannan a duba alamun waje kamar ko abin ya yi kasuwa, ko an daɗe ana nemansa an rasa, ko wasu sun gwada sun kasa. Shekaru da yawa kotun ɗaukaka ƙara mai kula da fatent ta matsa cewa sai ka nuna inda aka rubuta ko aka nuna a haɗa tsohon abu kaza da kaza, sai a 2007 Kotun Ƙoli ta sassauta a KSR da Teleflex. Rigimar totur ɗin mota ce ma, totur mai matsawa gaba da baya don dogo da gajere yana nan, na'urar lantarki mai gane yadda aka taka shi tana nan, wani ya haɗa su ya karɓi fatent. Alƙalai tara baki ɗaya suka ce haɗa sanannun abubuwa ta sananniyar hanya su ba da sakamakon da kowa ke tsammani ba ƙirƙira ba ce, kuma matsakaicin ma'aikacin nan yana da 'yar basira, ba mutum-mutumi ba ne.

Wanda ya fi kama da naku shi ne Muniauction da Thomson na 2008, an riga an yanke wa Thomson dala miliyan 77, kotun ɗaukaka ƙara ta rushe, don akwai tsohuwar manhajar gwanjo mai suna Parity da ke yin kusan komai, abin da masu fatent suka ƙara kawai shi ne a yi ta burauza. Haka Newegg ta kayar da Soverain a 2013 a kan kwandon sayayya na intanet, da hujjar tsohuwar kasuwar CompuServe. Amma ka ga duka biyun da me aka ci? Da tsohon abu mai kwanan wata da aka ajiye gaban alƙali aka bi shi layi-layi. To ka je ƙarshen fatent ɗin nasu, wajen jerin da'awowi masu lamba, wato jimlolin da ke fayyace abin da suke cewa nasu ne, ka karanta ta ɗaya ka gaya mana me ke ciki, sauran shafukan duk shimfiɗa ce.

Abba_Kod

Na gode ƙwarai Barista, Allah ya ƙara basira. Na karanta, jimla ɗaya ce tal amma ta cinye rabin shafi. A taƙaice akwai karɓar bayanan ma'aikaci, karɓar na mai ɗauka, ba kowane abu nauyi, fitar da maki, jerawa, duk wannan ba komai. Inda gabana ya faɗi shi ne na ƙarshe, wai tsarin yana duba waɗanda mai ɗaukar aikin ya karɓa da waɗanda ya ƙi a baya sai ya gyara nauyin da kansa ba tare da an tambaye shi ba. Mu ma muna yin haka gsky, asibitin da kullum yake zaɓar na kusa ko da ya rubuta cewa ƙwarewa ya fi so, muna ɗaga masa nauyin nisa a hankali.

Dr_Lissafi

Abba wannan na ƙarshen da ya tsorata ka mu a aji muke koyar da shi. Tun 1971 aka buga hanyar Rocchio, daga aikin da aka yi a kan tsarin binciken takardu na SMART na Gerard Salton, mai bincike ya nuna wannan sakamakon ya yi min wannan bai yi ba, sai tsarin ya matsar da nauyin kalmomi zuwa wajen waɗanda aka so ya nisanta daga waɗanda aka ƙi. Cire "takarda" ka sa "CV" ka gaya min me ya rage.

Shi kansa rabon ma'aikata da ayyuka tsohuwar matsala ce mai suna a lissafi, Harold Kuhn ya buga hanyar warware ta a 1955, wadda ake kira hanyar Hangari, ma'aikata kaza ayyuka kaza kowa da makinsa a kowane aiki, a nemo rabon da ya fi yawan maki. Na ɓangare biyu kuwa inda kowa ke da son ransa, Gale da Shapley ne a 1962. Kuma Amurkawa da kansu tun 1952 suke da tsarin raba sababbin likitoci ga asibitocin da za su yi horo, likita ya jera asibitoci asibiti ya jera likitoci, Alvin Roth da Elliott Peranson suka sabunta lissafinsa aka fara amfani da sabon a 1998, Roth da Shapley suka samu Nobel a 2012. A ɓangaren kasuwa manhajar Resumix tun ƙarshen shekarun 1980 take karanta CV da na'ura tana tsamo ƙwarewa tana daidaitawa da gurbi, shafin neman aiki na Monster Board ya fito 1994. Ni dai ban ga abin da ya rage wa mai 2009 ba.

Injiniya_Sadauki

Dakta da girmanka amma nan ne mutane ke faɗawa rami. Ni ina da suna a fatent guda biyu ta wajen aiki (ba na manhaja ba, na na'urorin auna ruwa) kuma na ga yadda ake wannan wasan daga ɗaya gefen. Kacici-kacici in an faɗi amsarsa kowa sai ya ce ai da ma na sani. Kai yanzu ka karanta da'awar tasu tukuna, sannan ka koma baya ka tsinto Rocchio daga fannin binciken laburare, ka tsinto Kuhn daga lissafi, ka tsinto Resumix daga ofishin ɗaukar ma'aikata, ka jera su yadda fatent ɗin ya nuna maka. Tambayar da lauyansu zai yi ita ce, in tun 1971 abin yake kwance kuma shafukan neman aiki suna nan tun 1994, me ya hana wani ya haɗa har 2009? Kuma zai ce a Rocchio mutum ne da kansa yake nuna wanda ya so, a namu tsarin ne ke lura da halinsa ba tare da an tambaye shi ba, kuma gefe biyu ne ba ɗaya ba.

KSR bai ce ka daina kawo dalili ba. A 2016 a kes ɗin Arendi da Apple, hukumar fatent ta cike wani gurbi da babu shi a tsohuwar takarda da cewa ai hankali ma ya ba da haka, kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin ta ce ba a cike ginshiƙin da'awa da "hankali ya ba da" ba tare da hujja ba. Saboda haka wannan kalmar ta "da kansa" sai kun samo takarda ta kafin ranarsu da ta faɗe ta, sannan ƙwararre ya rantse ya bayyana dalilin da zai sa mai gina shafin neman aiki a lokacin ya ɗauko ta. Ba ina kare waɗannan masu wasiƙar ba ne, amma dokar da ke ba su wahalar kayarwa ita ce dai ke kare ƙaramin mai ƙirƙira ranar da babban kamfani ya kwafe shi ya ce ai a bayyane yake.

Dr_Lissafi

Injiniya na ji, amma lura da halin mai amfani ba tare da tambayarsa ba ai shi ma an cika takardu da shi kafin 2009, Thorsten Joachims ya buga aiki a 2002 a kan gyara jerin sakamakon bincike daga abin da mutane ke latsawa, Amazon kuma tun ƙarshen shekarun 1990 take ba da shawarar kaya daga abin da ka saya. Abin da ya hana a haɗa da wuri ba rashin dabara ba ne, rashin yawan bayanai ne da tsadar saba.

Barista_Hajjo

To kun ga abin da kuka yi yanzu ku biyun, shi ne ainihin abin da ake biyan ƙwararru dala ɗaruruwa a awa su yi, kuma shi ne amsar tambayar Abba ta me ya sa shekara biyu. Maganar Dakta ta ƙarshe tana da nauyi a shari'a, in an nuna jinkirin daga rashin kayan aiki ne ba daga rashin tunani ba, hujjar "me ya hana wani" ta yi rauni. Sannan alamun wajen nan na Graham, kamfanin da bai taɓa sayar da komai ba zai sha wuya ya nuna kasuwar da ƙirƙirarsa ta yi, yakan ce ga waɗanda suka sayi lasisi, amma kotuna sun san lasisin da aka saya don gudun shari'a ba yabo ba ne.

Wajen da za a yi faɗan ma zaɓi ne. A kotu fatent yana zuwa da rigar inganci, sai kun kawo hujja bayyananniya mai gamsarwa, Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a kes ɗin Microsoft da i4i a 2011, kuma sau da yawa masu taya alƙali hukunci mutanen gari ne da ba su taɓa rubuta layin kod ba. Ɗaya hanyar ita ce kotun cikin gida ta ofishin fatent, PTAB, da dokar 2011 ta kafa ta fara aiki a 2012, alƙalai uku masu ilimin fasaha, rinjayen hujja kawai ake nema, kuma in sun karɓi ƙorafin suna yanke hukunci cikin shekara. Sai dai can fatent da abin da aka buga kawai ake karɓa, ba za ka ce Resumix tana yin kaza ba sai ka kawo littafin jagorarta ko fatent ɗinta da shaidar ranar da ya fita ga jama'a, tsohon shafin intanet kuma sai an ɗauko shi daga Wayback Machine, rumbun ajiye tsofaffin shafuka, da takardar rantsuwa daga Internet Archive mai rumbun. Kuɗin ofis kaɗai ya haura dala dubu 40 kafin lauya da ƙwararre su ci nasu, in an kai ku ƙara kotu, shekara ɗaya kuke da ita ku shigar a PTAB, in kuka faɗi kuma ba za ku sake kawo hujjojin nan a kotu ba. A 2025 ma ofishin ya ƙara tsanantawa wajen karɓar ƙorafi a kan fatent da ya daɗe a hannu. Masu wasiƙar sun san duk wannan lissafin, shi ya sa kuɗin da suke nema kullum yake ƙasa da kuɗin faɗan. Ko FindTheBest ɗin Ɗan Kamasho, kusan dala dubu 300 da aka yanke musu na lauyoyi kotun ɗaukaka ƙara ta ce a sake lissafi a 2016, shekara uku ana abu ɗaya.

Abba abu biyu gare ka. Ka nemi fayil ɗin fatent ɗin a shafin ofishin fatent na Amurka, kyauta ne, za ka ga musayar da suka yi da mai duba takardu na ofishin, yawanci yakan ƙi da farko sai su ƙara wata jimla ya amince, wannan jimlar ita ce wuyan fatent ɗin kuma ina kyautata zaton ita ce "da kansa" ɗin nan. Na biyu, kar ka rubuta wa oganka a imel ko Slack cewa mu ma muna yin haka, in aka shiga kotu duk za a tono, kuma in aka ce da gangan kuka taka ana iya ninka diyya har sau uku. Ta bakin lauya za ka bi. Ka ma gyara abin da ka rubuta a sama.

Mai_Shayin_Munik

Mu nan Turai da wuya irin wannan ya wuce tun farko. Ofishin fatent na Turai tun hukuncin COMVIK na 2002 in ya zo auna ƙirƙira ɓangaren fasaha kawai yake ƙirgawa, dabarar kasuwanci ko ta gudanarwa kamar wa ya dace da wane aiki da yadda za a ba da maki sai a ɗauka an miƙa wa mai rubuta manhaja ita a matsayin umarni, a tambaya to aiwatar da ita a kwamfuta ya yi wuya? Amsar kusan kullum a'a ce. Ko tsarin sayayya da latsa-ɗaya na Amazon da Amurka ta ba fatent a 1999 nan ƙi aka yi. Abba ku mayar da sabarku Jamus mana ku huta.

Barista_Hajjo

A'a Mai Shayi kar ka kai su ka baro. Masu BlackBerry sun gwada wannan hujjar, cibiyar saƙonsu tana Kanada, kotu ta ce tunda masu amfani a Amurka suke kuma nan suke cin moriyar tsarin to a Amurka ake amfani da shi, a 2006 suka biya NTP, kamfanin da ke da fatent ɗin, dala miliyan 612.5. Nas-nas ɗin su Abba da asibitocinsu duk suna Amurka.

Tambayarka ta biyu kuwa Abba, fatent iyakar ƙasar da ta ba da shi yake tsayawa, na Amurka ba ya aiki a Kano ko Maraɗi, muddin maginanka da masu neman su suna gida kuma mutanen ba su yi rajista a nan ba, ba ruwansu da kai. Dokarmu ta Nijeriya ta 1970 ita ma tana da sharaɗin kada abu ya zama a bayyane daga abin da aka sani, sai dai ofishin rajista na Abuja cikar takardu kawai yake dubawa ba ya binciken ƙirƙirar, dokar ma ta ce ana ba da shi ne ba tare da lamunin inganci ba, wanda bai yarda ba ya tafi Babbar Kotun Tarayya ya nemi a soke. In za ka tsallaka Nijar ko Kamaru ko Chadi can OAPI ce, hukumar rajistar fatent ta haɗin gwiwarsu mai hedikwata a Yawunde, kuma yarjejeniyarsu ta Bangui ta cire shirye-shiryen kwamfuta daga abin da ake ba wa fatent. Kod ɗinka dai dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta rufe shi, amma ka duba kwantiraginka da kamfanin nan kafin ka fara, da yawa suna rubuta cewa duk abin da ka ƙirƙira mai kama da aikinsu nasu ne.

Abba_Kod

Zan gyara Barista, na gode. Na sauke fayil ɗin, sau biyu mai duban ya ƙi su da wani fatent na 2001, a karo na uku suka ƙara maganar gyara nauyi daga tarihin zaɓi ya sa hannu, kuma a jerin abin da ya duba duk fatent ne babu takardar jami'a ko ɗaya. Dakta dan Allah turo min sunayen takardun nan ta inbok in miƙa wa lauyan, har da ta 2002 ɗin.